Karatu Ba Fahimta, Aikin Baban Giwa Ne

A Akurba, wadda ke gefen garin Lafiya ta Jihar Nasarawa, akwai babbar tashar rarraba wutar lantarki da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a cikin jerin ayyukan da ya ƙaddamar a jihar cikin 2022. Yaran wurin suna ganinta kullum, suna kuma ganin buhun taki da kwalin magani, kowanne da rubutu a jikinsa. Abin tambaya shi ne, ɗan aji uku da ya iya haɗa baƙi da wasali zai iya faɗin abin da rubutun ke nufi?

Tun da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976 azuzuwa suka cika maƙil, sai hadda ta zama mafita ga malami. Malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, a tashi. To, rera karatu daban, gane shi daban.

Tatsuniya tana da amfani, amma yaro ya riga ya san hanyarta tun daga bakin kakarsa. Rubutun bayani kuwa sai an koya masa. Kamata ya yi malami ya kawo ɗan gajeren bayani kan abin da yara suka sani, kamar noman doya ko zazzaɓin sauro. A fara duba kan magana da hoto, a tambayi yara abin da suke zaton za su ji. A warware baƙin kalmomi. Bayan karatu a rufe littafi, kowa ya faɗi gundarin zancen da bakinsa, sannan ya buɗe ya nuna layin da ya ba shi hujja.

Wannan ya fi sauƙi da harshen da yaro ke ji. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su kasa takwarorinsu ba, ko a Turanci.

Saura magidantan da neman abinci ya kai su Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal. Aika kuɗin makaranta ba ya sauke nauyi duka. In uba ya kira gida, ya sa yaro ya karanta masa takardar magani, ya tambaye shi cokali nawa, sau nawa a yini. Amsar ita ce sakamakon jarrabawa na gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.