Ajin Zaɓaɓɓun Ɗalibai a Jami'a

Makon jiya wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya same mu bayan sallar La'asar, ransa ba daɗi. Ɗansa da ke karatun injiniya a Amurka ya aiko cewa jami'a ta gayyace shi shiga wani tsari na zaɓaɓɓun ɗalibai, yana neman izni. Alhaji ya ce, "Malam, ni digiri na tura shi ya yi. Wannan kuma wace sabuwar hidima ce?" Mun ga ya kyautu mu kawo amsar nan, don ba shi kaɗai ke da ɗa a waje ba.

Da fari sai a rarrabe abu biyu. A jami'o'inmu, daraja a ƙarshe ake ba da ita: wanda makinsa ya kai 4.50 cikin 5 ya fita da daraja ta ɗaya. Haka nan a Madina da Azhar, sai an gama sa'an nan a rubuta wa mutum mumtaz. Na Amurka kuwa hanya ce da ake shiga tun da wuri. Akan ware yaro a wasu darussa zuwa ƙaramin aji, galibi na mutum 20 ko ƙasa da haka, inda ba a zaman saurare kawai, sai an karanta littafi an zo an yi muhawara. A shekarar ƙarshe ya rubuta kundin bincike, ya kare shi gaban malamai. In makinsa ya sauko ƙasa da ƙa'ida, wadda a wurare da yawa takan kama daga 3.3 zuwa 3.5 cikin 4, sai a sallame shi ya koma ajin kowa da kowa. Wanda ya yi fice wajen kafa tsarin shi ne Frank Aydelotte, shugaban Kwalejin Swarthmore, a 1922, bisa koyi da abin da ya gani a Oxford ta Ingila, har ya sa malamai daga waje su riƙa zuwa jarraba ɗalibansa.

Batun kuɗi mai sauƙi ne. Wasu jami'o'i na ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin makaranta, wasu kuwa tallafi ma suke bayarwa, sai a tambaya. Lokaci shi ne babbar tsada. Ɗalibi baƙo doka ta yarda masa aikin awa 20 a mako cikin makaranta, da shi yaran namu da yawa ke sayen abinci. In karatu ya ƙaru, aikin zai ragu, giɓin kuma aljihun uba zai dawo.

Amma ba wannan ke damun Alhaji ba, sai da aka daɗe ya faɗa. Ya ji an ce a ajin nan ana karanta falsafar Girkawa, ana ja-in-ja kan komai, yana tsoron a rikita wa yaro aƙida. Ba mu raina wannan tsoro ba, mun ga waɗanda suka dawo da shubuhohi. Sai dai a ganinmu abin da ke kayar da yaro shi ne ya haɗu da tambaya shi kaɗai cikin dare, ba wanda zai komawa. Muhawara gaban malami gadonmu ce. Imam Abu Hanifa, wanda shi ma fataucin tufa ya yi a Kufa, ba karanta wa manyan almajiransa fatawa yake yi ba. Yakan jefa mas'ala tsakaninsu, irin su Zufar da Muhammadu Shaibani, su yi ta ja, wani sa'in kwana da kwanaki, kafin a rubuta abin da aka tsaya a kai.

A majalisin nan akwai wani ɗan talaka, Abu Yusuf. Malaman tarihi sun ruwaito cewa mahaifinsa ya janye shi don ya nemi abinci. Da Imam ya ga ba ya zuwa sai ya neme shi, ya ba shi dirhami 100, ya ci gaba da ɗaukar nauyinsa. Shi ne ya zama Alƙalin Alƙalai zamanin Haruna Rashid, ya rasu a 182 bayan Hijira. Mun lura Alhaji ya yi shiru a nan. Attajiranmu ba su ƙyashin kujerar Umra kowace shekara, amma kuɗin littafi sai an kai ruwa rana.

Saboda haka muka ce ya ba da izni, bisa sharaɗin yaron ya duba jadawali kada darasi ya ci masa Jumma'a, ya kuma sami malami a masallacin garin wanda zai riƙa kai wa abin da ya shige masa duhu. Muka ƙara da cewa ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ilmin yake so ko sunan da za a rubuta a takarda, don wanda suna ya kai shi ba zai jure shekara uku na wannan wahala ba.

Alhaji ya ce zai kira shi da dare. Mun roƙi a turo mana sunayen littattafan zango na farko, mu ma mu duba.