Gurbin "Sauransu": Wa Ke Yanke Abin da Kwamfuta Ta Sani a Kanmu?

Duk wanda ya je yin Katin Ghana, ko ya zauna gaban mai ƙidaya a shekarar 2021, ya ga yadda abin yake. Ma'aikaci na riƙe da na'ura, yana tambaya kana amsawa, shi kuwa yana laluben gurbin da amsarka za ta shiga. In ta shiga, madalla. In ta ƙi, sai ya datse ta, ko ya lanƙwasa ta, ko ya jefa ta cikin "sauransu". Mukan huce haushinmu a kansa, alhali ɗan aike ne. Waɗanda suka yanke yawan guraben, da sunan kowane gurbi, da abin da ya halatta a zuba a ciki, sun daɗe da gama aikinsu a Ankara, babban birnin ƙasarmu. Da wuya kuma a ce akwai ɗan zangon Salaga ko Yendi ko Bawku a wurin da aka yi wannan zama.

Zaman nan shi ne abin da muke so 'yan'uwa su sani, domin fanni ne mai zaman kansa a wajen injiniyoyin manhaja. Kafin su rubuta wa kwamfuta umarni ko ɗaya, sai sun fara jera abubuwan da za ta ɗauka cewa akwai su a duniya: mutum, gida, aure, fili, gari. Sannan su faɗi siffofin kowanne, sannan alaƙar da ke tsakaninsu, har da adadi: mutum ɗaya suna nawa zai iya ɗauka, gari nawa zai iya kira nasa, mata nawa za a iya jingina wa miji ɗaya. Wani masani mai suna Peter Chen ya fitar da hanyar zana wannan a 1976, kuma har yau ana koyar da ita ga masu gina rumbun bayanai. Daga baya suka aro kalmar ontoloji daga falsafa, wato binciken abin da ke akwai, kuma ma'anar da Tom Gruber ya ba ta a 1993 ita ta fi yaɗuwa a tsakaninsu. Abin da ba a sa a wannan zane ba, a wajen na'ura babu shi, ko da kuwa yana tsaye a gabanta yana numfashi.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji wannan baƙon abu ba. Shehu Abdurrahman Al'ahdari, mai littafin Ahalari da muka fara koyon alwala da salla a cikinsa, shi ne kuma ya wallafa Sullam a ilimin manɗiƙi. A can aka koya mana jinsi da nau'i da fasali, aka kuma koya mana rarrabe siffar da ke cikin zatin abu da wadda ta bijiro masa kawai. Aka ce bayanin abu ba ya inganta sai ya cika sharaɗi biyu: ya tattaro duk wanda ke nasa, ya kuma hana bare shiga. Injiniyoyin nan aikin da suke yi ke nan, sai dai su hukuncinsu ba a kan allo yake tsayawa ba, a kan layin wayarka da asusunka na banki yake sauka. To, bari mu ɗora guraben da aka ba mu a kan wannan ma'auni na malamanmu.

Ƙidayar 2021, wadda ita ce ta farko da aka yi da na'ura maimakon takarda, ta ce mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8. Ta kasa 'yan ƙasa gida takwas masu suna, irin su Akan da Mole-Dagbani da Ewe da Guan, sai gida na tara, "sauransu", wanda bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A nan aka ajiye Bahaushe. Amma gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa, kuma mai saye da mai sayarwa da ba su jin yaren juna a kasuwar Bawku, da ita suke yin ciniki. Ba mu ce an yi ƙarya a lissafi ba. Cewa muke yi gurbin ya tambayi abu ɗaya, jama'a kuma suna karanta amsar kamar ta abu huɗu ce. Asalin kakanni daban, harshen da ake yi a gida daban, garin da mutum ya tashi daban, ƙasar da yake ɗanta daban. A zango akwai wanda kakansa Babarbare ne, ko Banufe, ko Bazabarme, uwarsa Bagwanja ko Badagwamba, shi kuwa bai taɓa mafarki da wani harshe ba sai Hausa. Gurbin da ya ce ya zaɓi ɗaya tak bai tattaro nasa ba.

Batun suna kowa ya ɗanɗana. Fom yana neman sunan dangi wanda ake gada daga kaka zuwa jika, mu kuwa sunan yanka gare mu, da sunan uba, da laƙabi, da sunan rana irin su Ɗanladi da Talatu. Sai 'ya'yan mutum ɗaya su fito da "sunan dangi" uku, wannan ya ba da na uba, wancan na kaka, na ukun laƙabin gidan. Muhammadu guda ya zama Mohammed a takardar makaranta, Mahama a katin asibiti, Mamman a bakin unguwa. Da can magatakarda yakan ɗaga kai ya gane mutumin. Tun da aka haɗa lambar haraji da katin a 2021, aka sake rajistar layukan waya da shi, bankuna kuma suka bi sahu a 2022, na'ura ce ke gwada harafi da harafi, ita kuwa ba ta ɗaga kai.

Amma gurbin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne na garin asali. Wanda ya ƙirƙiro shi yana da wani hoto a ransa: kowane ɗan Ghana yana da ƙauye guda inda kakanninsa ke kwance, inda danginsa ke da ƙasa. Hoton ya dace da mutane da yawa, ba mu musa ba. Sai dai zango a kan tafiya aka kafa shi. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja daga Kano da Katsina da Barno, suna kawo kanwa da tufafi da fatu, suna komawa da goron Asante, tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Ghana. Salaga ce babbar kasuwar wannan hanya, a ƙarƙashin sarautar Kpembe, Yendi kuma babban zango ce a kanta. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu Kumasi daga baya. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, in da za a miƙa masa fom ɗin yau, wane gari zai rubuta?

Iyakokin ma ba su zauna wuri ɗaya ba. Ingila da Jamus sun taɓa ajiye Salaga a yankin da suka ce ba na kowa ba ne a cikinsu, sai a 1899 suka raba. Yendi ta faɗa hannun Jamus, bayan yaƙin duniya na farko ta koma hannun Ingila, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1956 kafin yankinta ya shiga Ghana. Ko jiya-jiyan nan, a 2019, Salaga ta tashi daga Jihar Arewa ta koma Jihar Savannah ba tare da ta motsa ko taku ɗaya ba. Mutum yana zaune a gidan da kakansa ya gina, sunan ƙasar da ke ƙarƙashin gidan ya sauya sau uku. Ƙwararrun wannan fanni sun san maganin haka: a raba wuri da sunan mulkin da ke kansa, a kuma sa wa kowace alaƙa lokacinta. Wanda bai yi haka ba, ganganci ya yi, ko kuwa bai tambayi kowa ba.

Abin da ya sa muka tsaya a nan shi ne, a bakin wasu ma'aikata garin asali ya zama ma'aunin zama ɗan ƙasa. Ka ce Salaga, a ce a'a, ainihin garinku muke nufi. Ka ce Kano, a ɗaga gira. Tsarin mulkin 1992 kuwa bai rataya zama ɗan ƙasa a kan ƙabila ko ƙauye ba. Wanda aka haifa bayan ya fara aiki, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, shi ma ɗan Ghana ne. Dattawanmu ba su manta da 18 ga Nuwamba 1969 ba, ranar da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice, aka kwashi har waɗanda aka haifa a nan, ba su san kowa a inda aka tura su ba. Wancan karon da takarda da ɗan sanda aka yi. Rumbun bayanan da ya cakuɗa asali da ƙasa zai iya ware irin waɗannan mutane cikin ƙiftawar ido, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Aure ma haka. Dokar rajistar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda, amma yawancin aurarrakinmu a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaura su, da waliyyi da shaidu da sadaki, ba a kai su ofis. Manhajar da ta san aure mai takarda kaɗai, ko ta buɗe wa miji gurbin mata ɗaya, ranar da ya rasu za ta ga gwauro inda akwai mata biyu masu takaba da marayu.

Kada a ce muna ƙin katin. Muna son sa, kuma ya sauƙaƙa abubuwa da dama. Kowane zane dole ya bar wani abu a waje, in ba haka ba ba zai yi aiki ba. Adireshin GhanaPostGPS da aka fito da shi a 2017, wanda ya yanka ƙasar nan murabba'i-murabba'i na mita 5, bai cuce mu da komai ba, don bai tambayi ko kai ɗan wane ne ba. Muna magana ne a kan guraben da kuskurensu ke taɓa haƙƙi.

Mu ma akwai namu aikin, kuma ba sai mun jira Ankara ba. Fadar kowane sarkin zango ta kamata ta riƙe littafin gidaje, a rubuta wanda ya kafa gida, da inda ya fito, da sarkin da ya ba shi wurin, da 'ya'ya da jikoki, asali a shafinsa, wurin haihuwa a shafinsa. Limaman da ke raɗa suna su rubuta ranar da lissafin Hijira da na Miladiyya, su kuma tsayar da rubutun sunan da boko tun ranar, iyaye su kai shi rajistar haihuwa yadda yake. Masu ɗaura aure su ba da takarda, a kuma ƙarasa rajistar. Dokar katin ta yarda ɗan'uwa mai kati ya tsaya wa wanda ba shi da takardar haihuwa ko fasfo da rantsuwa, kuma littafin gidaje zai sa wannan rantsuwa ta tsaya a kan abin da aka rubuta.

Yaranmu da ke karatun kwamfuta a Tamale da Kumasi kuwa, kada su tsaya ga koyon rubuta umarni kawai. Su nemi shiga ɗakin da ake zana guraben, su tafi da Sullam a ka. Hukumar ƙididdiga takan nemi shawarar jama'a kafin ta tsayar da tambayoyin ƙidaya, kuma a al'ada shekara goma-goma ake yin ta. Sarakunan zangon Salaga da Yendi da Bawku suna da lokacin da za su haɗa takarda guda, su nemi a raba tambayar harshen gida da ta asalin kakanni, a kuma yarda mutum ya ba da amsa fiye da ɗaya a kowacce.