Karta Ba Lallai Caca Ba Ce

Da an ga ɗalibi riƙe da karta, sai a ce ya lalace. Gaskiya ne caca mugun abu ce, takan cinye kuɗin makaranta, ta raba abokai. Amma laifin na kuɗin da ake zubawa ne, ba na katin ba.

Mu ɗauki wasan Wist na Ingila, wanda Edmond Hoyle ya rubuta littafi a kansa a 1742. Mutum huɗu ke yinsa, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Ana raba kati 52, kowa 13. Katin ƙarshe da aka buɗe shi ke nuna irin da zai yi mulki. Duk irin da na farko ya ajiye, tilas sauran su bi da shi, mafi girma ya kwashe. Wanda ba shi da irin yana iya sa mai mulki ya ci. Kowane zagaye da aka ci bayan na shida maki ɗaya ne.

Ga dabarar: na biyu ya sa ƙarami, na uku ya sa babba. Irin da abokinka ya fara da shi, ka mayar masa. Ka riƙa ƙirga masu mulkin nan 13 suna fita. Ba a magana, ba a ƙifta ido. Ashe akwai lissafi, da haƙuri, da riƙon amana a ciki.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta ta ba wasan wuri ranar Asabar, a gaban malami, ba ko kwabo. Abin da aka kora zuwa bayan ɗakin kwana, shi ke komawa caca.