Mai Kare Ya Riƙe Karensa: Kira Daga Matasanmu Na Sultana

Duk wanda ya san birnin Madina ya san Sultana, wato titin nan da a takardun hukuma ake kira titin Abubakar Siddiƙ, wanda shaguna da gidajen abinci suka cika shi dama da hagu. Da zarar an sallame sallar isha'i, musamman daren Alhamis da na Juma'a, sai ka ga magidanta da iyalansu sun fito, tsofaffi na takawa a hankali, yara na guje-guje a gaban iyayensu. A wannan yanki da unguwannin da ke bayansa da yawa daga cikinmu aka haifa, kuma a nan muke neman abinci. To a 'yan shekarun nan wata sabuwar ɗabi'a ta fara kunno kai, wato fitowar wasu samari da karnuka cikin dare zuwa lunguna da filayen shaƙatawa, wani da igiya a hannu, wani kuwa ya saki abinsa yana biye da shi a baya yana latsa waya. Ba su da yawa, gaskiya ne, kuma ba duka ne 'ya'yanmu ba. Amma akwai namu a ciki, shi ya sa muka ga gara mu yi magana da bakinmu tun kafin wani ya yi mana ita.

Mai karatu zai iya mamakin yadda aka yi kare ya samu wannan matsayi a ƙasar Saudiyya. A shekarar 2006 an hana sayar da karnuka da kyanwoyi a Jidda da Makka, sannan a watan Yulin 2008 aka kafa irin wannan doka a Riyad, har aka haɗa da hana yawo da su a bainar jama'a, aka kuma ɗora wa hukumar nan ta umarni da kyakkyawa da hani da mummuna aikin tabbatar da ita. A lokacin mu muna yara ƙanana. Daga baya al'amura suka sauya. A shekarar 2016 aka karɓe ikon kama mutane daga hannun wannan hukuma, kuma a 2020 har gidan shan gahawa aka buɗe a birnin Khobar wanda ake shiga da karnuka. Saboda haka saurayin da ke fitowa da kare a yau ba ya jin tsoron da yayyensa suka ji. Abin da ya rage shi ne ya san cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Iyayenmu idan aka taɓo wannan zance sukan yanke shi da kalma ɗaya, su ce ajiye kare a gida ba ɗabi'armu ba ce, kuma yana rage lada. Ba mu ja da su ba. Hadisi ya yi rangwame ne ga karen farauta da na kiwo da na gona, ya kuma yi gargaɗi a kan wanda ba na waɗannan ba. To amma abin da muka lura da shi shi ne, faɗan da ake yi wa yaro a cikin gida bai hana shi kai karen gidan abokinsa ko wata istiraha a bayan gari ba, inda ba idon uba ba na uwa, daga can kuma ya ɗauko shi cikin mota ya sauke shi a tsakiyar mutane. Wato faɗan ya kori karen daga gida, ya bar shi a titi. Shi ya sa muke ganin, ko da ana ci gaba da wa'azi a kan asalin ajiyewar, ya kamata a buɗe wata ƙofar ta biyu, a gaya wa wanda ya riga ya ajiye irin nauyin da ya ɗauko wa kansa.

Kuma wannan nauyi ba daga Turai aka kawo mana shi ba. A nan garin aka yanke hukuncinsa tun farko. Imamu Malik, wanda kabarinsa ke nan Baƙi'a, ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani mutum ta yi ɓarna, sai Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuwa mai dabba ne zai biya. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun tafi har kan kare mai cizo, suka ce idan an riga an gargaɗi mai shi bai ɗauki mataki ba, sannan karen ya yi wa wani rauni ko ya kashe shi, to alhakin yana wuyansa. Haka nan masu sharhin Risala, littafin da kakanninmu suka karanta a zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato kafin su kamo hanyar gabas, sun kawo cewa shi kansa mawallafin, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya. Sai dai a lura, karen nasa gadin gida yake yi, ba a ce ya ja shi zuwa kasuwa ba.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar mu'amalar jama'a da Saudiyya ta fitar a shekarar 2023 ta bayyana cewa wanda dabba ke ƙarƙashin kulawarsa shi zai biya diyyar ɓarnar da ta yi, sai fa idan ya iya tabbatar da cewa abin ya faru ne ta wani dalili da ba hannunsa a ciki. Wato shi ne zai yi ta faman wanke kansa, wanda aka ciza kuwa raunin jikinsa ya ishe shi hujja. Tun kafin wannan ma, ƙa'idojin ladabin zama cikin jama'a da aka fara aiki da su a watan Satumbar 2019 sun sanya tarar Riyal 100 ga wanda dabbarsa ta yi kashi a wurin jama'a ya ƙi kwashewa, idan ya sake kuma Riyal 200. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, mun sani. Amma mutum nawa ne cikin masu fitowa da karnukan ke tafe da leda a aljihu?

Amsar da muka fi ji daga bakin abokanmu ita ce, “ai ba ya cizo.” Wannan magana ta ishe mu. Kai ne ka san ba ya cizo, domin kai ke ba shi abinci tun yana ɗan kwikwiyo. Yarinya 'yar shekara biyar da ta gan shi ya nufo ta ba ta da wannan labari, abin da ta sani kawai shi ne ta ruga, kuma duk wanda ya san yadda motoci ke wucewa a Sultana ya san inda gudun yaro zai iya ƙarewa. Gudun ma shi ke tayar wa kare da sha'awar bi. Tsohuwar da ta firgita ta faɗi ta karya ƙugu, ita ma ba cizon ta aka yi ba, amma wata nawa za ta yi a kwance? Bugu da ƙari, mu Malikawa ne, an karantar da mu cewa kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne. Maƙwabtanmu Hambalawa da Shafi'awa kuwa a wurinsu najasa ce mai nauyi, wadda sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Idan karenka ya lashi rigar dattijon da ke hanyarsa ta zuwa Harami, ka ɓata masa dare ke nan, kuma fatawar Imamu Malik ba za ta hana shi jin haushinka ba.

Sai kuma maganar ciwon haukan kare, wanda waɗanda suka taso a gida Nijeriya da Nijar suka fi mu saninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne da idan alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi, alhali kuwa idan aka yi allura da wuri ana tsira. Karen da ke shiga gonaki da wuraren da dila da karnukan daji ke yawo, sannan a dawo da shi cikin unguwa ba tare da rigakafi ba, mai shi ya yi wa unguwar gaba ɗaya caca da rayukansu.

A nan ne matsalar ta fi shafarmu fiye da kowa. Al'ummarmu ta daɗe a wannan gari, wasu kakanninsu da ƙafa suka zo ta Chadi da Sudan. A cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai masu igama, akwai kuma waɗanda takardunsu ba su cika ba. Idan kare ya ciji yaron gidan da ke da matsalar takarda, abin da ake fara tunani shi ne a rufe maganar, a shafa wani abu a ɗaure, don gudun asibiti da tambayoyin da za su biyo baya. Wannan rufa-rufa na iya zama ajalin yaron. Idan kuma karen ɗanmu ne ya ciji ɗan wani, to maganar ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai. Za a tambayi igamarsa, a nemi kafilinsa, a ƙwanƙwasa ƙofar gidansu, sannan a majalisu a ce ai Takari ne. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Shekarun da iyayenmu suka yi suna tara mutunci a gidajen mutane da kasuwanni da masallatai, bai kamata hoton minti ɗaya da aka ɗauka da waya ya zubar da su ba.

Akwai kuma 'yan'uwanmu masu aikin gadi a gonaki da istirahohi, waɗanda karen ba nasu ba ne, na maigida ne. Shawararmu gare su ita ce kada su yarda a miƙa masu karen da ba su iya sarrafa shi ba a ce su zaga da shi, kuma su nemi a gyara ƙofa ko katanga idan ta lalace. Ranar da abu ya faru, wanda aka samu a wurin shi ake fara riƙewa, maigida kuwa sai daga baya a kira shi a waya.

Wani abin takaicin shi ne ƙarshen da yawa daga cikin waɗannan karnuka. A sayo ɗan kwikwiyo don yayi, a ɗauki hotuna da shi, idan ya girma ya fara cin abin da aljihu ba zai ɗauka ba, ko maƙwabta suka fara ƙorafi, sai a sa shi a mota a kai shi bayan gari a sake shi. Can zai haɗu da 'yan'uwansa su zama garke, su hayayyafa. Ba mu manta ba, a watan Maris na 2021 irin waɗannan karnuka marasa masu suka kashe wata yarinya 'yar shekara huɗu a wajen birnin Riyad, a lokacin da iyayenta suka fita hutawa, kuma labarin ya girgiza ƙasar nan. Mai yar da kare yana ganin ya rabu da matsala, alhali ya ajiye ta ne a kan hanyar iyalan da ke fita Baida ko gefen Wadil Aƙiƙ shan iska. Sannan zalunci ne ga dabbar, wanda addini ya hana, dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasashen yankin Gulf da Saudiyya ta amince da ita a 2013 ita ma ta hana. Haka nan yaranmu masu jifan duk karen da suka gani, su ma a tsawata masu, domin karen da aka saba jifa shi ne ke zama mai cizo.

Wasu ƙasashen sai da aka yi rashi sannan suka farka. A Masar, bayan da wani kare ya yi sanadin mutuwar wani magidanci a wajen Alƙahira, majalisa ta yi doka a 2023 wadda ta tilasta yi wa kare rajista da sanya masa igiya da takunkumi idan za a fita da shi. A Ingila ma, inda ake ɗaukar kare kamar ɗan gida, tun ƙarshen Disambar 2023 ba a fita da nau'in da ake kira XL Bully sai da igiya da takunkumi. Idan waɗannan za su iya, to saurayinmu da ke kwaikwayonsu wajen ajiye karen ya kwaikwaye su wajen ɗaure shi mana.

Abin da muke nema wurin 'yan'uwanmu matasa ba shi da wuya. Wanda ya ga lallai sai ya fita da karensa, ya sa masa gajeriyar igiya mai ƙarfi, babba kuma a ƙara masa takunkumi, kada a bai wa ƙaramin yaro ya riƙe. Ya nisanci ƙofofin masallatai da makarantu da wurin wasan yara, ya bar Sultana da cunkosonta ya nemi fili a lokacin da ba jama'a. Katin rigakafi ya kasance a hannu, domin shi likita zai fara tambaya. Su kuma hukumomin Baladiyya muna roƙonsu da su kafa alluna a bakin wuraren shaƙatawa da ke nuna inda aka yarda a shiga da dabba da inda ba a yarda ba, don a daina jayayya tsakanin mai gadi da mai kare.

Iyaye mata kuma, ku ne kuka fi kowa ganin abin da ke faruwa a lungu. Idan garken karnuka ya fara zagaya unguwa, lambar Baladiyya 940 ce, kuma wanda ke jin nauyin kira ya gaya wa ɗaya daga cikin matasan unguwa ya kira a madadinsa. Idan kuwa aka ciji yaro ko aka yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a kira 937 don jin shawarar likita, sannan a kai shi asibiti a daren, da takarda ko babu.