Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi: A Bar Yara Su Yi Tsalle a Cikin Gida

A gidajenmu da yawa, yaron da aka fi yabo shi ne wanda zai dawo daga makaranta ya sami wuri ya zauna, ba a jin ɗuriyarsa har a kira magariba. Shi ake kira mai natsuwa. Wanda kuwa ke zagaya tsakar gida da ƙafa ɗaya, sunansa mai ƙiriniya, kuma kullum cikin shan tsawa yake. A ganina, ya kamata mu sake duba wannan hukunci, domin kimiyya ta goyi bayan mai ƙiriniyar.

Ba laifin iyaye ba ne da suka fi son yara su zauna a gida. Filayen da ake wasa a da sun zama shaguna, lunguna sun cika da babura, ga kuma fargabar satar yara. Ban da wannan, akwai ruwan damina da hazon hunturu da zafin bazara, kowanne da watannin da yake kulle yaro a gida. Amma abin tambaya shi ne, da aka tsare yaron daga haɗarin waje, me aka tanadar wa jikinsa a ciki? Sau da yawa amsar ita ce talabijin da wayar hannu.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, irin motsin da ke sa numfashi ya ƙaru, kuma a cikin mako a sami kwana 3 da zai yi abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Wani bincike da masanan hukumar suka buga a 2019, wanda ya ƙunshi ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ma'auni. A tsakanin 'yan mata abin ya kai kashi 85, samari kuwa kashi 78.

To, me ya haɗa tsalle da lafiya? Da farko dai, ƙashi abu ne mai rai, ba busasshen icce ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gini da masu rushewa, suna aiki dare da rana. Tun a 1892 wani likita Bajamushe mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana daidaita ƙarfinsa da nauyin da ake ɗora masa. Duk lokacin da yaro ya yi tsalle ya dira, tamkar ya aika wa masu ginin saƙo ne cewa su ƙara tubali. Shi ya sa 'yan sama jannati, da yake nauyi ba ya danna su, sukan yi asarar kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙwarin wasu ƙasusuwansu a kowane wata. Mafi yawan ƙwarin ƙashin da mutum zai rayu da shi kuwa, kafin ya cika shekara 20 ake tara shi. Wanda bai yi ajiya da ƙuruciya ba, da me zai ci tsufa?

Na biyu, a can cikin kowane kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk juyawar da kai ya yi. Ƙwaƙwalwa takan haɗa wannan labari da na idanu da na gaɓoɓi, sannan ta tsayar da mutum daidai. Wannan ƙwarewa sai da horo take inganta. Na uku, zuciya ita ma tsoka ce, aiki ne ke ƙara mata ƙarfi.

Abin sha'awa shi ne, ba ma bukatar aron wasa daga ko'ina. Dubi 'yar gala-gala: gawayi ko alli da tsingaro sun isa, fili kuwa bai wuce tsawon tabarma biyu ba, amma ta haɗa tsalle da dira da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya. Dubi langa, wadda a yau har gasarta ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa a Nijeriya. A cikin gida ana iya yin ta ba tare da ture ba, a yi tsere daga bakin zaure zuwa ƙofar ɗaki, a sauya ƙafa a dawo. Tsallen igiya bai fi ƙarfin baranda ba. Gaɗa kuwa, da tafinta da tsallenta da caɓe wadda ta faɗo, aiki ce ta hannu da ƙafa da huhu gaba ɗaya, kuma tun asali wasan 'yan mata ce a tsakaninsu. Ga ta nan amsa ga gidajen da ba sa son budurwa ta fita. Dara da carafke suna da nasu amfanin wajen kaifafa tunani da saita hannu, sai dai a zaune ake yin su, don haka ba za a ƙirga su cikin minti 60 ɗin nan ba.

Na san wani zai ce ai aikin gida ma motsa jiki ne. Haka ne: yarinyar da ta yi daka ta ja guga, ta yi abin da ake bukata. Amma gida nawa ne a birni suka rage da turmi da rijiya, tun da injin niƙa da mai ruwa sun karɓe aikin? Wani kuma zai ce wasa yana cinye lokacin karatu. Minti 60 ɗin ba dole ne a yi su a jere ba. Ana iya raba su ashirin-ashirin, kuma nazarce-nazarce sun nuna cewa motsa jiki yana taimaka wa yaro wajen mai da hankali da samun barci mai daɗi. Batun rauni kuwa, maganinsa shiri ne: a rufe rijiya, a nisanta wasa da murhu da ruwan zafi, a guji daɓe mai santsi, a ajiye ruwan sha kusa.

Ya kai ɗalibi, kada ka gamsu da maganata kawai, gwada da kanka. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasa da babban yatsa, ka ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. A zaune za ka samu tsakanin 60 da 100. Yi tsallen igiya na minti 2 ka sake ƙirgawa, sannan ka gwada bayan carafke. Malaman kimiyya na iya ba da wannan a matsayin aikin gida, kowa ya zo da jadawalin ƙannensa a kwatanta a aji.

Iyaye kuwa, roƙona ɗaya ne: a ware lokaci tsakanin la'asar da magariba, a janye kwanuka gefe, a kashe talabijin, a haƙura da hayaniyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙashi ma tun yana ɗanye ake ƙarfafa shi. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.