Kwanson harsashi ba bola ba ne

Ranar kasuwar Tasawa na tsaya wurin wani mai sayen tsoffin ƙarafa, sai na hangi kwanson harsashin fistol cikin tarin da yara suka kawo masa. Ya ce maƙeran fari ke saye, su wanke shi da tsamiya da toka, su narkar, su ƙera warwaro. Ya yi gaskiya: tagulla ce mai kyau, kashi 70 cikin 100 jan ƙarfe, 30 tutiya.

Amma akwai abin dubawa. A Amurka, inda doka ta yarda, maharba kan tara kwanson, su wanke shi, su yar da wanda ya tsage, su sake ɗura sauran. Ke nan lafiyayyen kwanso rabin harsashi ne. Ga shi ƴan bindiga sun addabi kudancin jihar Maraɗi. Wa ya san hannun da buhun nan zai faɗa?

Na biyu, cikin tarin akan sami wanda bai tashi ba. In ya shiga wutar maƙeri sai ya fashe, ido ko yatsa ya salwanta.

Tun 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wato CNCCAI. To, ƴan kasuwa, daga Tasawa har Mayahi, in kwanso ya hau sikelinku, ku miƙa shi ga jandarmomi. Ku kuma ma'aikata, ku faɗakar da hakimai da malaman makaranta, su ja kunnen yara. Ribar dala ashirin ba ta kai ran mutum ba.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.