Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kakakin Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas

Mai girma Kakakin Majalisa,

Ina rubuto maka daga Minjibir, a mazaɓar Ungogo da Minjibir ta Jihar Kano, yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, jam'iyyu kuma suna ta ɗaura ɗamara. Roƙona ɗaya ne: ka sa sashe na 68 na Tsarin Mulkin 1999 ya yi aiki. Sashen ya tanadi cewa ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adinsa ya cika zai sauka daga kujera, sai dai in jam'iyyar ce ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. Alhakin zartar da haka a zaurenka yana wuyanka.

Ranka ya daɗe, takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan ɗan takara. Manomin da ya ajiye fartanya a Kunya ko Wasai ya bi layi a 2023, alama ya dangwala wa: tsintsiya, ko lema, ko kwandon kayan marmari. Kano ta Tsakiya, inda Minjibir take, ta ga ƙarfin alamar nan da idonta. An fara shelanta Malam Ibrahim Shekarau a matsayin sanata ƙarƙashin NNPP alhali tun 2022 ya koma PDP, daga baya kujerar ta koma hannun Rufa'i Sani Hanga bisa hukuncin kotu. Jama'a jam'iyya suka zaɓa. Amma a 2025 Sanata Kawu Sumaila da wasu wakilan Kano suka fice daga NNPP zuwa APC, kowa riƙe da kujerarsa, ba a koma an tambayi ko mutum ɗaya daga masu zaɓe ba.

Za a ce kowane ɗan ƙasa na da 'yancin shiga ƙungiyar da ya ga dama. Haka ne, babu mai hana shi tafiya, amma kujerar amana ce ta mutanen mazaɓa, ba ta cikin kayan da zai ɗauka. Za a kuma ce NNPP ta yi fama da rikicin shugabanci. To, Kotun Ƙoli ta riga ta shata iyaka a 2015, a shari'ar Ifedayo Abegunde na Jihar Ondo, ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar Leba: rabuwar da za ta zama uzuri sai ta kai ga uwar jam'iyya ta ƙasa, har ta hana ta aiki. Ya kamata a auna kowace takardar sauya sheƙa da wannan ma'auni kafin a karanta ta a zaure ana tafi.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce shiga jam'iyya mai mulki na janyo wa mazaɓa ayyuka. Ruwan masana'antun Bompai ya yi shekara da shekaru yana gangarowa ta Getsi da Jakara zuwa madatsar Wasai, inda masu noman rani ke ban ruwa, gwamnatoci kuma sun yi ta sauyawa. Gyaran irin wannan na bukatar wakilin da zai tsaya a kan kasafin kuɗi, ya kira hukumomin muhalli su amsa tambaya. Majalisar da kowa ya koma ɓangare guda, wa zai yi tambayar?

Na san jam'iyyarka ta APC ce ke cin moriyar kwararowar nan a yau, shi ya sa hukuncin zai fi nauyi in daga bakinka ya fito. Duk wanda ya yarda jama'arsa na tare da shi, ya ajiye kujera ya sake tsayawa a sabuwar jam'iyyarsa. In ba haka ba, kada a yi mamakin ganin layin zaɓe ya gajarce a 2027.

Allah ya yi maka jagora.

Wani mai zaɓe,
Minjibir, Jihar Kano.